Waɗanda suka zauna da 'yan Buddha, kun taɓa gwada abin nan nasu na horar da zuciya?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Lokacin da nake karatun nas a Mysore na zauna ɗaki ɗaya da wata 'yar Tibet, iyayenta suna Bylakuppe inda Indiya ta ba 'yan gudun hijirarsu fili. Akwai wata sista da take wanke mu tas a gaban marasa lafiya, ni in mun dawo huci nake har abinci ba na iya ci, ita ko sai ta zauna bakin gado ta rufe ido kamar minti goma. Na ce wai ke ba ki da zuciya ne? Ta ce tana da ita mana, aiki take ba ta. Tonglen suke ce masa, in ka ja numfashi ka ɗauka kana janyo damuwar mutumin kamar baƙin hayaƙi, in ka sake kana aika masa da sauƙi. Na ce baƙin cikin matar nan zan shaƙa? Allah ya kiyaye! Sai bayan na dawo gida na gwada a kan wata dangin miji da ba ma ga maciji, ban ce na koma sonta ba gaskiya, amma na tuna ita ma 'ya'ya biyar take riƙe ba miji, baƙar maganar da na shirya sai ta maƙale.

Ɗan Fagge:
Hajiya ni a Bangkok na gani, ina sarin kaya a Pratunam. Da sassafe za ka ga malamansu masu lemon mayafi ba takalmi suna zagaye da ƙwarya ana zuba musu abinci, in rana ta take tsaka kuma sun gama ci sai gobe. Wata rana aka haɗa min kaya ba kalar da na zaɓa ba na ɗaga murya, tsohuwar mai shagon murmushi kawai take tana cewa jai yen yen, wai zuciya ta yi sanyi. Kunya ta kama ni wallahi. Ita ta ce in ƙirga numfashi kafin in yi magana. A can yana min aiki, amma a Kantin Kwari ko uku ba na kaiwa 😂

Bazazzage:
Ni na kusa shiga kwas ɗin Vipassana, wani salon horar da zuciya a zaune shiru, na kwana 10 ina Pune ta Indiya. Kyauta ne, a karɓe waya, ba magana, tashi ƙarfe 4 na asuba. Da na karanta dokoki na ga an ce a jingine duk wata ibada har a gama, nan na janye, salla ba ta jinguwa. Wani ɗan ajinmu da ya je ne ya nuna min na kwanakin farko, ka lura da iskar da ke shiga da fita a hanci kawai. Ban kai minti ɗaya ba hankalina ya tafi kuɗin haya, na dawo da shi ya tafi Zariya. Abin da ya tsorata ni, ashe haka nake yi a salla shekara da shekaru ban sani ba.

Abu Hanif:
'Yan'uwa a yi hattara da aƙida fa. Mu ma an ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala.

Maman Ilham:
Haka ne malam, ban taɓa rusuna wa gunki ba, 'yar Tibet ɗin ma ba ta taɓa cewa in yi ba, har tashina asuba take yi. Abin da ya burge ni naci. Suna da gajerun jimloli 59, lojong, da suke jinginawa ga koyarwar Atisha, wani malami ɗan Bengal da ya je Tibet a ƙarni na 11, kullum sai ta ɗauki ɗaya ta wuni da ita. Akwai mai cewa kar ka jira a tafa maka.

Ɗan Fagge:
Wannan kam a tura wa ƙanina, ruwa in ya miƙo maka sai ka gode sau uku.