Ɗana ya haddace lissafi amma bai gane shi ba: ko aikin hannu zai taimaka?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara takwas da yake iya karanto jadawalin sau tun daga biyu har goma sha biyu ba tare da tuntuɓe ba, amma da zarar an sauya masa fasalin tambaya sai ya tsaya yana kallon mutum. A makon jiya na tambaye shi wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8, ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa 1/8 ne, domin takwas ta fi huɗu. Na yi masa bayani har sau uku yana gyaɗa kai, washegari kuma ya maimaita amsarsa ta jiya. Yanzu idan na ɗauko littafi sai ya ɓata fuska ya ce barci yake ji. An ba ni shawarar in riƙa koya masa ta hanyar wasa da aikin hannu, sai dai ina tsoron kada wasan ya cinye lokacin karatu, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Ina roƙon malamai da iyayen da suka gwada wannan hanya su faɗa mini yadda ake bin ta, da yadda zan gane cewa yaron koyo yake yi, ba shiririta ba.

Tsohon Malamin Firamare ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar da ɗanki ya bayar ba ta sakarci ba ce, domin duk abin da aka koya masa har zuwa yanzu ya nuna masa cewa takwas ta fi huɗu, kuma bayanin baki ba zai ture wannan ba sai idonsa ya ga saɓaninsa.

Ki samo takardu biyu masu girma ɗaya. Ki ba shi ta farko ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya buɗe ya ƙirga gidajen da suka fito, zai sami huɗu. Ta biyun kuma ya ninke ta sau uku, amma kafin ya buɗe ki tambaye shi gida nawa yake zaton zai gani. Na sha jin yara suna cewa shida, su buɗe su tarar da takwas, su sake ƙirgawa da yatsa kamar takardar ce ta yi musu wayo. Wannan ɗan mamakin ne yake sa yaro ya nemi dalili da kansa. Daga nan sai ya yanke gida ɗaya daga kowace takarda, ya ɗora ƙaramin a kan babban, ya rubuta 1/8 da 1/4 a jikinsu da hannunsa. Kada ki tsallake rubutun, domin shi ne yake ɗaure abin da hannu ya taɓa da abin da zai tarar a littafi.

Abin da ya fi wuya a nan ba na yaron ba ne, naki ne: ki kame bakinki. Idan kika ga zai yi kuskure, ki bar shi ya yi, sannan ki tambaye shi me ya gani. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan Kindergarten a 1840, yana ba yara wani dunƙulen katako mai fuska shida da aka raba ƙananan dunƙulaye takwas, su wargaza shi su sake haɗawa, su ga rabi da kwata tun kafin su san yadda ake rubuta su.

Malamin Lissafi a Sakandare ya amsa:

Na yarda da Malam, amma tsoron da kike ji yana da tushe, 'yar'uwa. Na karɓi ɗalibai da suka yi shekaru suna yanke-yanke da manne-manne, suna tuna launin takardar da suka yanka amma ba su tuna abin da aka so su gane ba. Mutane sukan kafa hujja da Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, su ɗauka cewa sakin yara ta yi su yi abin da suka ga dama. Kayan da ta tsara kuwa kowanne abu guda yake koyarwa. Akwai katako mai ramuka goma, kowane rami da turkensa, idan yaro ya saka turke a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe zai rage da guda a hannu wanda ba shi da wurin shiga, kayan da kansu su nuna masa kuskurensa ba tare da babba ya ce uffan ba.

Saboda haka kafin ki fara kowane aiki, ki tambayi kanki abu ɗaya da kike so ya fahimta. Gwajin da kika nema kuma mai sauƙi ne: bayan kwana biyu ko uku, ba takarda ba almakashi, ki tambaye shi tsakanin 1/3 da 1/6, waɗanda bai taɓa ninkewa ba, ki ce ya faɗi dalilinsa. Haddar da ya yi kuma kada ki raina ta, zai buƙace ta ƙwarai idan ya zo rabawa mai tsawo.

Kakar Jikoki Biyar ta amsa:

'Yata, idan ya gaji da takarda, ki ba shi zare. Ya zagaye bakin kofi da shi ya yanke, sannan ya auna sau nawa faɗin bakin kofin zai shiga cikin zaren. Zai sami uku da ɗan saura. Ya gwada da murfin bokiti, ya gwada da tayar keke, kullum uku da ɗan saura. Jikana ya yini yana neman abu mai da'ira da zai karya wannan doka, bai samu ba, kuma ban gaya masa cewa masana suna rubuta adadin 3.14 ba sai da ya matsa mini da tambaya. Minti goma sha biyar sun isa a zama ɗaya, kuma gara ki tsaya tun yana son a ci gaba.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ninke takardun jiya da yamma, kuma shida ya ce, kamar yadda Malam ya faɗa. Da ya ɗora ƙaramin yanki a kan babban sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗauko wata takardar ya ninke ta sau huɗu ba tare da na sa shi ba, ya ƙirga goma sha shida, ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan gida ɗaya daga cikinsu. Na kusa karɓar fensirin daga hannunsa, sai na tuna na ƙyale shi. Tambayar 1/3 da 1/6 kuma na ajiye ta sai jibi.