Sauya intakula a motar a-kori-kura mai turbo: shin babba za ta magance zubewar ƙarfi a hawan tudu?

Mai_Akori ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana harkar injin. Ina da a-kori-kura mai injin dizal lita 3.0 da turbo (na'urar da ke matsa iska tana tura ta cikin injin), wadda nake jan tirela da ita kusan kowane mako, kuma tirelar da kayanta sukan kai tan 2. Da sassafe motar ba ta da laifi ko kaɗan, amma idan rana ta take kuma na shiga hawan tudu mai tsawo, sai in ji ƙarfinta yana zubewa sannu a hankali har sai na sauko da giya ɗaya ko biyu, alhali allurar zafin injin tana nan a tsakiya ba ta motsa ba.

Intakular motar, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matse kafin ta shiga injin, irin wadda ke kwance a saman injin ce, ƙarƙashin hancin shigar iska da ke jikin bonet. Rannan da na kai ƙarshen tudu na tsaya na buɗe bonet, na ɗora hannu a gefen da iska ke fita zuwa injin, wato gefen da ya kamata a ji shi da ɗan sanyi, sai da na fizge hannuna saboda zafi. Wani abokina ya ce in cire ta in ɗaura babba a gaban lagireto. Shin wannan zai dawo mini da ƙarfin da nake rasawa, ko kuwa zan sayi wata matsalar ce da kuɗina?

Injiniyan_Dizal ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Mai_Akori. Alamomin da ka lissafa sun yi kama da na intakular da zafi ya cika ta, amma taɓawa da hannu bayan an tsaya ba hujja ba ce, domin da zarar mota ta tsaya iska ta daina shiga ta hancin bonet, zafin injin kuma ya taso ya gasa intakular daga ƙasa. Ko lafiyayya ce za ta ƙona ka a wannan lokacin.

Bari in kawo lissafin yadda abin yake. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan zafin gari yana digiri 30, turbo kuma yana tura iska da matsin bar 1.5, iskar da ke fita daga bakinsa za ta kai wajen digiri 160. Intakular da ke iya cire kashi 70 cikin 100 na wannan ƙarin zafi za ta miƙa wa injin iska mai digiri 69 ko 70, wadda ke cire kashi 85 kuwa za ta sauko da ita zuwa wajen digiri 50. Bambancin nauyin iskar da ke shiga silinda tsakanin waɗannan biyun wajen kashi 6 cikin 100 ne kawai. Saboda haka wanda ya sa babbar intakula yana jiran motarsa ta koma wata daban zai sha mamaki, domin a injin dizal yawan man da aka fesa shi ne ke yanke ƙarfi, intakula kuma ba ta ƙara mai.

Amfaninta na gaskiya yana wani wuri. Kwamfutar motar tana karanta zafin iskar da ke shiga injin, kuma a motoci da yawa idan zafin ya wuce iyakar da aka tsara mata sai ta rage mai don ta kare fistin da turbo. Wannan ragin shi ne direba ke ji kamar an riƙe motar ta baya. Intakula mai kyau tana hana a kai ga wannan iyaka, tana kuma sauko da zafin hayaƙi, wanda makanikai da yawa ba sa son ya daɗe sama da digiri 700 idan an auna shi kafin ya shiga turbo.

Shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna. Ka samo ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a kafar OBD2 ƙarƙashin sitiyari don karanta bayanan kwamfutar mota, ka hau tudun nan da tirelarka, wani yana zaune a gefe yana rubuta zafin iskar shiga da matsin turbo daga gindin tudu har samansa. Sannan ka sa a toshe bututun turbo a hura masa iska a garejin da ke da kwamfireso, a fesa ruwan sabulu a duk mahaɗa, a ga ko akwai inda yake kumfa.

Mai_Walda ya amsa:

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ina so in ƙara abin da na gani da idona, domin na yi wa tawa motar wannan aikin. Mayar da intakula gaba ba baƙon abu ba ne, su kansu masu ƙera motoci sun bi wannan hanyar: Hilux mai injin 1KD lita 3.0 tana da ita a saman injin, amma da aka fito da mai injin 1GD lita 2.8 a 2015 sai aka sauko da ita gaba. Bambancin shi ne su sun tsara lagireto da fanka da gaban motar duka tare da ita, mu kuwa cusa ta muke yi a inda ba a tanada mata ba.

Na ɗaura mai kauri sosai, irin wadda aka jera sanduna da faifan alminiyam aka haɗa, don an ce ta fi jure dutse da tsakuwa, kuma gaskiya ta fi. Zafin iskar shiga ya sauka kamar yadda nake fata. Amma a tafiya ta biyu da kaya, sai ga zafin ruwan injin yana hawa, na'urar sanyaya cikin mota kuma ta rage sanyi a cunkoso, domin duk iskar da za ta isa lagireto sai ta fara ratsa wannan katangar ta ɗebo zafinta. Allurar da ka ce ba ta motsi kada ka dogara da ita, Malam, domin a motocin zamani da yawa tana zaune a tsakiya ne ko da zafin ruwa yana sauyawa da digiri masu yawa, sai abu ya yi nisa take tashi. Idan motarka mai giyar otomatik ce, ka tuna da na'urar sanyaya man giya ita ma a nan gaban take neman iska.

Abin da ya gyara mini lamarin ƙaramin aiki ne. Na toshe duk gibin da ke tsakanin intakula da lagireto da soso mai jure zafi, na kuma yanka farantin ƙarfe na rufe gefe da gefe, yadda iska ba ta da hanyar zillewa sai ta ratsa su. Wani abu kuma da ya ba ni wahala shi ne tiyo. Bakin bututun da aka yi mini ba shi da ɗan tudun nan da ke riƙe tiyo, sai a tsakiyar hawa na ji wani fam kamar taya ta fashe, ƙarfin motar ya mutu murus tana tuttuɗo baƙin hayaƙi. Tun daga ranar ba na karɓar bututu marar wannan tudu, kuma tiyon silikon da kilif mai ƙusa nake sawa.

Mai_Akori ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Injiniya, kuma ga abin da muka samu. Da bakanike ya hura iska, sai kumfa ta tashi a gefen intakular, daidai inda aka lanƙwasa haƙoran alminiyam suka riƙe murfin roba. A wurin ma akwai wani baƙin danshin mai da ƙura ta manne masa, wanda na daɗe ina gani ina ɗauka datti ne kawai. Da muka cire ta muka karkata, mai kamar cokali biyu ya zubo, kuma robar da ke haɗa hancin bonet da saman intakular ta tsage rabi ta rataye. Yanzu tunda dole a sauya, shin in sayi irin ta asali, ko in yi amfani da damar in koma gaba?

Injiniyan_Dizal ya sake amsawa:

To, ka ga an kama ɓarawon. Iskar da ke tsiyaya ta wannan mahaɗa tana tilasta wa turbo ya ƙara gudu don ya cike gibin, ƙarin gudun kuma ƙarin zafi ne, ga shi robar bonet da ta tsage ta bar iskar waje tana bi ta gefe maimakon ta ratsa intakular. Man cokali biyu ba abin tayar da hankali ba ne, yawanci tururin baƙin mai ne da ke fitowa ta bututun numfashin injin. Duk da haka ka sa bakanike ya cire bututun gaban turbo ya girgiza sandar da ke juyawa a cikin turbon da yatsa ya ga ko tana wasa fiye da kima, domin idan turbo ya fara zubar da mai da yawa ya taru a intakula, injin dizal yana iya zuƙe shi ya riƙa gudu da kansa ko an kashe makulli.

Game da zaɓi, a nan na ɗan saɓa wa abokinka. Tunda ba ka taɓa tsarin kwamfutar motar ba, ba ka kuma ƙara matsin turbo ba, ni zan sa wadda ta zauna a mazaunin ta asali, amma mai murfin alminiyam da aka yi wa walda maimakon roba, in sabunta robar bonet, in kuma ɗaura mata ƙaramar fanka a ƙasa idan akwai wuri, saboda tafiyar hawa da tirela a hankali ake yin ta kuma iskar hanci ba ta isa. Ka tambayi mai sayarwa nawa matsin iska ke raguwa a cikinta. Abin da ya wuce 2 a ma'aunin matsi na psi ya fara yawa. Bayan an ɗaura, ka koma tudun nan da kaya iri ɗaya a irin wannan lokaci na rana ka sake aunawa. Idan har zafin iskar shiga yana ci gaba da hawa bai tsaya ba sai ka kai saman tudu, ka turo mana lambobin, sai mu duba girman da gaban motarka zai iya ɗauka ba tare da an toshe wa lagireto numfashi ba.