Ƙaiƙayin masu wankin ƙoda: me ya taimake ku?

Autar Hajiya, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata ce ke wankin ƙoda, shekara ɗaya da wata uku ke nan, sau biyu a mako. Hawan jini ne ya ja mata. Mun saba da kumburin ƙafa, mun saba da auna mata ruwan sha da kofi, amma yanzu ƙaiƙayi ya fi ƙarfinmu. Da rana da sauƙi. Da an yi isha'i sai ya taso mata, a gadon baya da cinyoyi da damatsa. Ba ƙurji, ba borin jini, sai sawun farcenta kawai. Shekaranjiya da tsakar dare na tarar da ita tana goga bayanta a jikin ƙofa tana hawaye. Mun shanya katifa, mun fesa maganin kuɗin cizo, mun sayo Piriton. Sai dai ya sa ta gyangyaɗi, ta farka ta ci gaba da susa. Kuma ta hana mu faɗa wa likita, wai ana maganar rai ita za ta kawo maganar susa. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini abin da ya yi.

Tsohon Direba, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya lafiya. Shekarata huɗu a kan inji, kuma abin da take ji na san shi sarai. Da mataji nake susa a lokacin, har da totuwar masara, sai jini ya fito sannan in ji daɗi.

Ni matsalata a cikin kwanona take. Da aka yi mini gwajin jini aka ce sinadarin fosforas ya taru, domin ƙoda mai lafiya ce ke fitar da shi, inji kuma ba ya iya kwashe shi duka. Aka tambaye ni me nake ci. Fura da nono kullum da rana, ƙuli-ƙuli a aljihu, da yamma tsiren hanta da baƙin lemon kwalba. Duk a nan yake, musamman baƙin lemon, don sinadarin da ake zubawa a abin kamfani jiki ya fi saurin zuƙe shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ashe ina da maganin a gida. An rubuta mini ƙwayar kalsiyam ɗin nan da ke kama fosforas, ni kuma ina shanta da asuba cikina babu komai. Ashe tare da abinci ake shan ta, ta haɗu da shi a hanji ta riƙe shi ya fita ta bayan gida. Wata biyu da gyara wannan na fara samun barci. Ki duba yadda Hajiya ke shan tata.

Maman 'Yan Biyu, Maraɗi

Sannu 'yar'uwa. Mijina ne, bai kai ga wanki ba tukuna amma ƙodar ta yi rauni sosai. Nasa ya fi tashi da hunturu. Masu wannan ciwo fatarsu bushewa take yi kamar an barbaɗa toka. Na hana shi ruwan zafi ƙwal, sai mai ɗumi-ɗumi. Na ɓoye soson raga da sabulun salo, na koma masa sabulun jarirai marar ƙamshi. Yana fitowa daga wanka, tun jiki da danshi, nake shafe shi da man kaɗanya, sannan in ƙara da dare. Kayan barci na auduga. Bai rabu da shi gaba ɗaya ba, amma ya ragu da kusan rabi.

Malamin Firamare, Birnin Kebbi

Baba Direba, da girmamawa, ba kowa ba ne nasa na fosforas. Ni na bi doka kamar soja, na bar nono da gyaɗa da wake, gwajina ya dawo daidai, amma ƙaiƙayin yana nan daram. Na faɗi haka ne don kada a ɗora wa mara lafiya laifi a ce cin da yake yi ne. Har rama na yi saboda tsoron abinci, sai da aka yi mini faɗa cewa mai wanki yana buƙatar nama da ƙwai daidai gwargwado.

Abin da ya taimake ni gabapentin ne. Likitana ya fara mini da miligiram 100, bayan an gama wanki kawai, ba kullum ba. A mako na biyu na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Da na ga yana aiki sai na riƙa ƙarawa da kaina a ranakun da babu wanki. Ban san ƙoda ce ke fitar da shi ba, ga shi tawa ba ta aiki, sai ya taru. Wata asuba na tashi alwala jiri ya kwashe ni, na faɗi a bakin rijiya, matata ta ce har magana nake yi ba kan gado. Don Allah kada kowa ya karanta sunan nan ya tafi kemis. Adadin da mai lafiyar ƙoda ke sha zai iya kwantar da ɗayanmu.

Nas a ɗakin wanki

Ina aiki da masu wanki shekaru da dama, kuma maganar da ta fi taɓa ni ita ce ta kunyar Hajiya. Haka suke kusan dukkansu. Sai na zo saka allura in ga hannu duk sawun farce sannan a ce "ai ba komai". Komai ne. Wanda ba ya barci ba ya cin abinci, ransa yana ɓaci, wani har ya fara tsallake wanki. Idan ita ba za ta faɗa ba, ke ki faɗa a gabanta.

Piriton bai yi aiki ba ne domin wannan ƙaiƙayi ba irin na borin jini ko cizon sauro ba ne, wanda shi aka yi maganin dominsa. Nan abubuwa ne suka haɗu: bushewar fata, dattin da ya rage a jini, da jijiyoyin fata da suka zama masu saurin tashi. Ki roƙi a duba mata fosforas da kalsiyam da gwajin PTH, wanda ke nuna aikin wasu 'yan ƙwayoyi huɗu da ke wuya, don idan suka yi yawan aiki su ma suna jawo shi. Kuma ki duba tsakanin yatsunta. In akwai wani a gidan da ke susa da dare, to a bincika ƙazwa tukuna, kada a ɗora wa ƙoda abin da ba nata ba.

Ki yanke mata farce ƙasa-ƙasa. Idan ya taso, tsumma mai sanyi ya fi susa. Wurin jijiyar da aka haɗa mata a hannu, ko robar wuya in ita gare ta, kada farce ya kusance shi sam, ta nan ƙwayar cuta ke shiga jini kai tsaye. Mayukan nan na kemis masu haɗi uku a ajiye su, suna sirantar da fata.

Ɗan Gashuwa

Mu a yankinmu kusan babu zuri'ar da ciwon nan bai taɓa ba. Yayana muka yi jinya. Gaskiyar da zan faɗa ita ce ta kuɗi. Sau uku a mako aka ce ya kamata, awa huɗu kowane zama, mu kuma wani makon sau ɗaya muke iyawa. Na lura da idona, kwana biyu bayan wanki yana lafiya, daga nan sai susa ta fara, daren da za a koma kuwa ba mai runtsawa a gidan. Watan da dangi suka haɗa hannu ya samu sau biyu a jere, abin ya lafa.

Kuskuren da muka yi shi ne jiƙo. Wani ya kawo sassaƙe wai yana wanke dattin jini. Kwana uku yana sha, ga ruwan da aka hana shi ga abin da ba mu san mene ne a ciki ba, numfashinsa ya sarƙe muka kwana a asibiti. Ko a kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Allah ya jiƙansa, ya rasu bara.

Tsohon Direba, Kano

Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri ɗana. Malam, na karɓi gyaranka, gaskiya ka faɗa.

Anti a Ingila

Ni a nan nake wanki. Da man shafawa da gabapentin suka gaza, an sa ni a ɗakin haske, wasu fitilu ne na musamman da ake tsayawa a gabansu na ɗan lokaci sau uku a mako, a sashen likitocin fata. Ya taimaka na wasu watanni sannan ya dawo. Yanzu wata allura ake yi mini mai suna difelikefalin, wadda Amurka ta amince da ita a 2021. Ta cikin layin inji ake turawa a ƙarshen kowane wanki. Ta ɗan sa ni jiri da gudawa da farko. Wata da muke layi ɗaya kuma tun da aka yi mata dashen ƙoda ta ce ko sau ɗaya ba ta sake susa ba. Abin da zan ƙara miki, ki riƙa rubuta daren da Hajiya ta yi barci da wanda ba ta yi ba. Takarda a hannu ta fi sa likita ya saurara.

Autar Hajiya, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na je na duba, Baba, ashe ita ma bayan sallar asuba take haɗiye ƙwayar tata da sauran magunguna gaba ɗaya. Yau da tuwon dare na ba ta. Na yanke mata farce, na sa an kawo man kaɗanya daga kasuwa. Na karanta mata maganar Nas, ta yi shiru, can ta ce to ni in fara faɗa ita za ta ƙarasa. Ranar Alhamis muke da wanki. Nas, shi gwajin PTH ɗin a ranar ake ɗaukar jinin, ko sai an ba mu wata rana daban?