Tsohuwar kwamfutar ofis: ta ina zan fara gyara ta don buga wasanni?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Ofishin da yayana yake aiki ya sauya na'urorinsa, aka yi gwanjon tsofaffin, shi kuma ya sayo mini guda ɗaya: Dell OptiPlex 9020 mai siririn akwati, da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) i5-4590, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) gigabait 4, da had dis na gigabait 500. A aikin rubutu ba ta da matsala, amma da na sa mata eFootball da ƙyar wasan ya buɗe, kuma 'yan wasan sai tsayawa suke yi suna fizga. Burina in buga eFootball da GTA V, in da hali har da EA Sports FC. Wani abokina ya ce in zuba duk kuɗin da ke hannuna a kan katin girafik (wanda yake sarrafa hoton wasa) mafi ƙarfi, wai sauran kayan ba su da muhimmanci. Shin haka ne?

Mai_Gyara_Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Kada ka bi shawarar abokin nan naka, domin a irin wannan na'ura ba aljihunka ne yake zaɓar maka kati ba, akwatin da abin ba da wutar cikinsa ne suke zaɓa.

Ka buɗe murfin gefe ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa saflai, wato abin ba da wutar. A siririn akwatin 9020 yawanci wat 255 ne, kuma babu wayar nan mai baki 6 ko 8 da manyan katuna suke buƙata. Ramin da ake soka katin a jikin babban allo iyakarsa wat 75, saboda haka katin da zai yi maka shi ne wanda yake wadatuwa da wutar ramin kaɗai. Sauya fawa saflai ɗin ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin Dell ta yi wa wannan samfurin mahaɗar wuta tata ta daban mai baki 8, maimakon mai baki 24 da aka saba gani, sannan fawa saflai na kasuwa ba zai zauna a cikin wannan akwati ba.

Abu na biyu shi ne girman katin. Sai ka nemi gajere, wanda aka ƙera don siraran akwatuna, kuma ka tabbatar an haɗo maka da gajeren ƙarfen da ake ɗaure shi da shi a baya. Ka ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin ramin da jikin fawa saflai, domin wasu katunan suna cin gurbi biyu, kuma na sha ganin wanda ya sayi kati ya zo gida murfi ya ƙi rufuwa.

Katunan da suka dace su ne GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, dukkansu masu gigabait 4, sai RX 6400 wanda wat 53 kawai yake ci, ko da yake ƙarfinsa yana raguwa a kan tsofaffin alluna irin naka. Ni da zan zaɓa, GTX 1650 zan ɗauka, bayan na duba da idona cewa ba irin mai neman ƙarin waya ba ne.

Kafin katin ma, ka ƙara RAM zuwa gigabait 16 na DDR3, guda biyu masu gigabait 8 iri ɗaya, a ramuka masu launi ɗaya domin su yi aiki tare. Sannan ka sa SSD na SATA, wato ma'ajiyar da ta fi had dis sauri, ka bar tsohon had dis don ajiya. Waɗannan biyun ba su da tsada, kuma ranar da ka saka su za ka ga bambanci.

Ummu_Bits ta amsa:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma zan ƙara gargaɗi a kan sayen na hannu, domin ni an taɓa yi mini. Na sayi kati a wani shago, kwali da tambari duk sun ce GTX 1050 Ti, kwamfuta ma haka ta nuna, amma duk wasan da ya ɗan yi nauyi sai ya rufe kansa. Ashe tsohon kati ne aka sauya masa suna daga ciki. Abin da ya kamata ya farkar da ni tun a shagon shi ne shuɗiyar kafar VGA da ke jikinsa, domin katunan wannan zubin na asali ba sa zuwa da ita. Ka tafi da manhajar GPU-Z, mai nuna ainihin bayanan kati, a filash, a saka katin a gabanka, ka gwada kafin ka biya.

Idan kuɗi suka gaza har ka koma kan GT 1030, ka sani iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya yi ƙasa sosai duk da sunansu ɗaya. Sannan in monitarka ta VGA ce, za ka buƙaci adafta daga HDMI, kuma ka tuna ka soka wayar a jikin sabon katin, ba a tsohuwar kafar da ke sama ba.

Sarkin_Waya ya amsa:

Ni inda na ɗan bambanta da su shi ne batun EA Sports FC. Mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 24 ya nema shi ne i5-6600K da GTX 1050 Ti, wato furosesarka tana ƙasa da layin, don haka kada ka sa rai da yawa a can. GTA V na 2015 da eFootball kuwa za su tafi lafiya a matsakaicin saiti. Za ka iya ɗaga furosesar zuwa i7-4790 daga baya, amma ka tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, alhali taka zubi na 4 ce. Saboda haka ka sayi kati da SSD, waɗanda za ka iya cirewa ka kai wata na'urar, kada ka narka kuɗi a kan abin da zai mutu tare da allon.

Ka kuma ware wani abu don sitabilaiza ko UPS, ganin yadda wutarmu take hawa da sauka, kuma ka sauya man rage zafi da ke kan furosesa, ka hure ƙurar fanka, musamman da hunturu.

Ɗan_Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe akwatin, wat 255 ne kamar yadda Malam ya ce, kuma ramukan RAM huɗu ne, ɗaya kawai aka cike. Wannan makon zan sayi RAM da SSD, katin kuma sai ƙarshen wata, bayan na auna tazarar nan da rula.