Fentin mota a gida da kuɗi kaɗan: ina ake ragewa, ina ba a ragewa?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sana'a. Ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu, fentin rufi da na bonet ya koɗe har yana ɓarewa, akwai tsatsa a bakin madigadin baya da lotsewa biyu a ƙofa. A gida ake son fente ta, kuɗin hannu kuma ba yawa. Me ya zama dole a saya, me za a iya bari?

Oga Fenta: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai, gwada fentin da ke jikinta. Jiƙa farin tsumma da tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, ka goga a wani lungu kamar daƙiƙa 30. In launi ya biyo tsumman kuma wurin ya yi laushi, fenti ne wanda ba a haɗa shi da hadina, wato sinadarin da ke sandarar da shi, ba. In ka fesa 2K, wato fentin da ake haɗawa da hadina, a kansa, tinar sabon fentin za ta cinye shi ya yamutse. Irin wannan sai dai a kankare shi, ko a rufe shi da firaima, wato fentin shimfiɗa, mai raba tsakani. In bai motsa ba, to ba sai ka kai ga ƙarfe ko'ina ba, tsohon fenti mai lafiya shi ne mafi kyawun shimfiɗa. Amma inda banish ɗin sama, wato shafi mara launi mai ba da sheƙi, ke ɓarewa, a rufi da bonet, sai ka goge shi har ka isa inda ya kama gam.

Kuma kar ka sauya launi. Da zarar ka sauya, cikin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin bonet duk sun shiga lissafi. Lambar launin tana kan wani ɗan faranti ko sitika, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. Ita za ka kai wa mai haɗa fenti.

Malam Bala: Abban Sadiq, kuɗin da za ka tsira da su daga guminka za su fito, domin mafi yawan aikin guga ne, feshi kuwa na 'yan sa'o'i. Fara da wanke motar da sabulu, sannan ka bi ta da ruwan cire maiƙo tun kafin samfefa ta taɓa ta. In ka fara da guga, giris da folish za ka tura cikin ƙarce, su fito maka daga baya. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe yana biye da shi kafin ruwan ya bushe.

Tsatsa a ci ta da samfefa mai lamba P80 (ƙaramar lamba ta fi kaushi) har ƙarfe ya yi fari tas, a ƙara kamar santimita 3 zuwa 5 a kewayenta, domin tana tafiya ƙarƙashin fenti fiye da inda ido ke gani. Ƙananan ramukan da samfefa ba ta shiga a shafa musu maganin tsatsa mai sinadarin fosforik. In ƙarfen ya ɓule, aikin mai walda ne. Fila, wato kwaɓin cike lotsewa, a kan rami ba ya daɗewa, ruwa na shiga ta baya ya kumbura shi.

Lotsewar ƙofa a fara turo ta daga ciki gwargwadon iko, don kaurin fila kar ya wuce milimita 3 ko makamancin haka. Hadinar fila kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ce. In ta yi yawa, tabo zai ɓullo ta cikin sabon fenti, musamman fari. In ta yi kaɗan, ba zai sandare ba, ya riƙa toshe samfefa. Kwaɓa a kan faranti na roba ko ƙarfe, ba kwali ba, kwali na tsotse ruwansa. Ka riƙa ninkewa da dannawa maimakon juyawa, don kar iska ta shiga ta bar ƙananan ramuka. Minti 4 zuwa 5 kake da su kafin ya fara kamawa, bayan minti 20 zuwa 30 ya isa guga. P80 don fitar da siffa, P180 don kashe ƙarce, P320 a gefe-gefe inda ya haɗu da tsohon fenti. A naɗe samfefa a jikin katako mai shafaffen ciki, yatsu suna barin kwari. Fila ba a goge shi da ruwa, yana shan ruwa kamar soso.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri, Malam. Firaima fa? Wasu na cewa gwangwanin feshi ya wadatar.

Malam Bala: Don ɗan wuri kamar tafin hannu ya wadatar. Amma a kan fila mai faɗi yana shanyewa bayan makonni, sai ka ga zanen gefen gyaran ya bayyana ta cikin fenti. Ƙarfe tsirara a ba shi firaima ta ifoksi, ita ce ke tare danshi, kuma fila na zama a kanta. Mai asid ɗin nan da ke cizon ƙarfe ita ma tana aiki, sai dai ba a ɗora fila a kanta. Sannan firaima mai kauri ta 2K, yawanci 4:1, wato kashi 4 na firaima da 1 na hadina, shafi 2 zuwa 3 a wuraren gyara kawai. Sauran jiki da fentinsa ke lafiya, P400 zuwa P500 ta ishe shi, har sheƙin ya mutu ko'ina. Duk inda ya rage yana ƙyalli, nan sabon fenti zai fara ɓarewa.

Dabarar da ba ta cin kuɗi: in firaima ta bushe, yayyafa mata baƙin fenti sama-sama kamar ƙura, sannan ka goga da katako. Inda baƙi ya maƙale, kwari ne ko ƙarce.

Injiniya Ummi: Ina so a tsaya kan 2K kafin a wuce. Hadinarsa na ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ga masu feshin mota. Ba ya da warin da zai gargaɗe ka da wuri, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa daga baya numfashi na iya sarƙewa. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare komai a nan. Abin da aka tanada don wannan aiki shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Mai matatar gawayi irin A2P3 ya fi babu nesa ba kusa ba, amma bai kai wancan ba, kuma sai matatar sabuwa ce, ya kuma zauna a fuska ba kafa. Gemu na hana shi zama. A sa safar hannu ta naitiril, tabarau da riga mai dogon hannu. Yara da duk wanda ba ya aikin su yi nesa, hayaƙin na daɗewa a iska bayan an daina gani. Ba wuta, ba sigari, kuma kar a sa fanka ta gida tana zuƙo hayaƙin tina ta cikin injinta, tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda ba zai iya tanadar kariya ba, ya bar 2K ya nemi fentin da ba ya buƙatar hadina.

Ɗan Gareji: Maganar Anti Ummi ce ta sa nake ganin rola ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Fentin mai na ƙarfe, a tsinka shi da tinarsa har ya yi ruwa kamar madara, a shafa da ƙaramar rola ta soso mai ƙarfi, santimita 10. Shafi 6 zuwa 8 marasa kauri, kowane a bar shi ya kwana, bayan kowane biyu a goge da ruwa, P600 da farko, a haura P800 zuwa P1000. Kumfar da rola ta bari ana kashe ta da sake bi a hankali ba dannawa. Ba kwamfuresa, ba bindigar feshi, rufe gilashi ma kaɗan ne.

Oga Fenta: Ɗan Gareji, hanyar tana aiki, amma a faɗa masa abin da zai biya. Fentin mai na ɗaukar makonni kafin ya yi tauri sosai, fetur in ya zuba a bakin tanki yana iya ɓata shi, rana kuma na kashe sheƙinsa da wuri sai an riƙa folish. Babbar matsalar ita ce gaba: duk ranar da aka so fesa 2K, sai an kankare shi ko an rufe shi. Launi mai ƙyalli kuwa ba ya yiwuwa da rola sam, ƙananan ƙwayoyin alminiyum da ke cikinsa ba sa kwanciya daidai. Motar aiki mai launi ɗaya, na yarda.

In feshi za a yi, mafi sauƙin kuɗi shi ne 2K mai sheƙin kansa, wanda ba ya buƙatar banish a sama. Yawanci 2:1 da hadina, a ƙara tina kamar kashi 10 cikin 100, amma takardar bayanin kamfanin ita ce alƙali, kuma fenti da hadina da tina su zama na kamfani ɗaya. Wajen ƙaramar mota, lita 2 da rabi zuwa 3 na fenti kafin haɗi na isa. Sabon hannu ya ƙara rabin lita, ƙarewar fenti a tsakiyar rufi ta fi saura ciwo. In launin mai ƙyalli ne, dole sai launi daban da banish daban, kuɗi da wahala duk sun ƙaru.

Baban Hanifa: Ni kan iska zan yi magana. Lambar da ke jikin kwamfuresa sau da yawa iskar da yake zuƙa ce, ba wadda yake fitarwa ba. Mai tankin lita 50 bai cika ba da fiye da lita 200 a minti ba, alhali bindigogin HVLP, masu zuƙar iska mai yawa a ƙaramin ƙarfi, da yawansu na cin lita 300 zuwa 400. Ƙarfi zai faɗi a tsakiyar ƙofa, fenti ya fito gudaji-gudaji. Mafita biyu: bindigar LVLP mai cin iska kaɗan, ko a riƙa fesa ɓangare-ɓangare ana jira tanki ya cika. Aron babban kwamfuresa na kwana biyu ya fi sayen ƙarami. Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4 don fenti, 1.7 ko 1.8 don firaima mai kauri. Ƙarfin iska kamar 2 a ma'aunin bar a gindin bindiga, a auna shi an danne kunamar. A zubar da ruwan tanki kafin a fara, a sa matatar ruwa kusa da bindiga, kuma kar a yi amfani da tiyon da aka taɓa bi da mai.

Abban Sadiq: Yaya, riƙon bindigar fa? Nan ne nake tsoron tsiyaya.

Oga Fenta: Tazara santimita 15 zuwa 20, bindiga a miƙe tana kallon jikin mota. Da kafaɗa da ƙafa ake tafiya, in ka lanƙwasa wuyan hannu tsakiya zai jiƙe, gefe ya bushe. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ka fara motsi kafin ka danna, ka saki bayan ka wuce bakin ƙarfen. Tace fentin, ka gwada a kan tsohuwar ƙofa ko kwali tukuna. Shafin farko matsakaici, jira minti 10 zuwa 15 har in ka taɓa tef ɗin gefe ka ji danƙo amma bai biyo yatsa ba, sannan cikakken shafi na biyu. Rufi farko, a gangaro.

Tsiyaya daga kusantowa ne, ko jinkirin hannu, ko rashin jira tsakanin shafi. In ta faru kar ka taɓa, bari ya bushe. Fatar lemu, wato fenti ya fito da kaushi kamar ɓawon lemu, daga kaurin fenti ne, ko ƙarancin iska, ko tina mai saurin bushewa cikin zafi. Idon kifi, ƙananan ramukan nan masu zagaye, silikon ne ko mai, shi ya sa man goge taya da na dashbod ba sa kusantar wurin. Ƙananan ƙuraje kamar tsinin allura na nufin sama ya rufe tina na ciki. Fari-fari kamar hazo kuwa danshi ne. Zafi tsakanin digiri 18 da 25 ya fi dacewa, in ya haura a nemi hadina da tina masu jinkiri. Ba a fesawa a tsakar rana ko a kan ƙarfe mai zafi.

Malam Bala: Ƙari kan wuri: a share tun jiya, a kewaye da leda, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi don ƙura ta kwanta, amma ba har ya taru ba. Fitilu, hannun ƙofa da tambari a kwance su, ya fi rufewa tsabta. Jarida na zubar da zare kuma tina na ratsa ta, takardar rufi ta fi. A hure lungu-lungu da iska, a bi da tsumma mai danƙo a minti na ƙarshe. Bamba in robarta ta fito tsirara, sai an fara fesa mata maganin kama roba.

Baban Hanifa: Da an gama a wanke bindiga nan take, 2K na sandarewa a ciki cikin 'yan sa'o'i. Tef a cire shi fenti ya kama amma bai yi tauri ba, ana jan sa baya a kwance. Bayan kwana 2 zuwa 3, tsiyaya da ƙura a goge su da ruwa kan ɗan katako, P1500, sai P2000, sai man goge sheƙi. A kula da kaifin gefe, nan fenti ya fi siranta. Man kakin folish kuma a jinkirta shi kamar wata 1 zuwa 2, tina na ci gaba da fita.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai. Launin fari ne mara ƙyalli, don haka gwajin tina zan fara yi, daga nan a san firaimar da za a nema.

Oga Fenta: Ka yi gwajin a wuri uku: rufi, ƙofar da ta lotse, da madigadin baya. Motar da aka taɓa gyarawa kan ɗauki fenti iri biyu a jiki ɗaya.