Taƙaitawa: mayar da bayanai rubutun lambar manhaja

Ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan yadda za a mayar da bayanai rubutun lambar manhaja, a kuma sake karanto su:

1. Kusan kowa ya yarda cewa a Python (wani yaren rubuta manhaja) umarnin repr() ne mafari, don galibi yana fitar da rubutun da za a iya sake karantawa ya dawo yadda yake.
2. Wajen karanto shi kuwa, a guji eval() (mai aiwatar da duk lambar manhajar da aka ba shi), a riƙe ast.literal_eval() (mai karanta tsantsar bayanai kawai). Nan babu gardama.
3. An ja kunne kan ƙimomin "nan" (alamar abin da ba adadi ba ne) da "inf" (adadi mara iyaka): repr() zai rubuta su, amma Python ba zai gane su ba wajen sake karantawa. Haka jerin da ya ƙunshi kansa, [...] kawai za ka gani.
4. Inda aka rabu: wasu sun ce pprint (mai fitar da bayanai a tsare) ya wadatar, wasu suka dage kan JSON (wani tsarin rubuta bayanai). A ganina masu JSON sun manta a JSON, tuple (jerin da ba a iya canza shi) yakan dawo list (jerin da ake iya canzawa).