Taga ta sandare: laifin Tkinter ne ko na lissafi?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta manhaja da Python mai kwaikwayon ƙwayoyin iskar gas 2000 suna karo da juna a cikin akwati. Da Tkinter, kayan gina taga da ke zuwa tare da Python, na gina fuskarta, amma da zarar lissafi ya kankama sai tagar ta sandare. An ce mini Tkinter kayan wasan yara ne, aikin kimiyya na gaske sai Qt, wani kayan gina taga daban. Haka ne?

Injiniya: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya aka gaya miki. Da Qt aka gina fuskar ParaView, manhajar nuna bayanan kimiyya a hoto, Geant4 na cibiyar binciken fiziks ta CERN ma yana da taga ta Qt, kuma tun 1995 ake amfani da Qt ɗin. Ki ɗauki PySide6, wato Qt na Python, ki haɗa da pyqtgraph mai zana jadawali, ki huta. Allon zanen Tkinter yana riƙe kowace ƙwaya a matsayin abu mai zaman kansa, idan suka yi yawa sai ya fara nishi.

Malamin Lissafi: Injiniya, ka yi saurin yanke hukunci. Idan tana gwada kowace ƙwaya da kowace, gwaji kusan miliyan 2 ke nan a mataki ɗaya. Hoto kuwa ba ya tafiya sumul sai an sabunta shi wajen sau 60 a daƙiƙa, wato milisakan 16 da ɗan ɗori ga kowane zane. Matuƙar lissafin yana gudana a zaren (thread, wato layin aiki ɗaya na manhaja) da ke sauraron linzami da maɓallai, Qt ɗin ma sandarewa zai yi, tunda shi ma zare ɗaya ke kula da tagarsa. Zancen "sai Qt" kuma, ina ka bar Gmsh, manhajar kimiyya da aka gina fuskarta da FLTK ba Qt ba?

Mai Haɗa Wasanni: Ni dai Dear ImGui, wani kayan gina fuskar manhaja. Yana sake zana fuskar a kowane zagaye, daidai da yadda kwaikwayo ke tafiya. Kyau kam babu sosai.

Malamar Sakandare: Babu wanda ya tambayi waɗanda za su yi amfani da ita. PhET, shafin kwaikwayon kimiyya na Jami'ar Colorado, ya fara da Java da Flash, daga baya ya koma HTML5, shi ya sa yake buɗuwa har a waya. In don ɗalibai ne, 'yata, ki yi tunanin burauza.

Ɗalibar Fiziks: Don aikin kammala digiri ne, Malama. Kuma lallai madauki (loop) biyu na saka, ɗaya cikin ɗaya, don gwada kowace ƙwaya da kowace.

Malamin Lissafi: To ga ɓarawon nan. Ki raba akwatin gida-gida, kowace ƙwaya a gwada ta da maƙwabtanta kaɗai, ki miƙa lissafin ga NumPy, kayan lissafi mai sauri na Python, ki ware shi daga lambar taga.

Injiniya: Na yarda da wannan, Malam. Amma ranar da ta kai ƙwayoyi 20,000 kuma tana son jadawalin gudunsu yana motsi a gefe, Qt za ta nema. Ta dai lura, PyQt, ɗaya hanyar amfani da Qt a Python, lasisin GPL ne ko na saye, PySide kuma LGPL mai sassauci fiye da GPL.